Ruwan Saman Muntari Kwalisa

A Panshekara akwai wani mawaƙi, Muntari Kwalisa, wanda idan ka zauna da shi na ɗan lokaci za ka tashi kana zaton shi ya kawo waƙa duniya. Gaskiya dai an yi da shi. A zamanin kaset, waƙarsa ta "Zulaiha Tsaya Mini" babu shagon aski, babu teburin mai shayi, babu gidan bikin da ba ta shiga ba. Ya kuma fito a finafinai, sanye da fararen kwat da wando, yana bin budurwa a cikin lambu ana sheƙa musu ruwa daga sama wai damina ce. To amma wannan zamani ya wuce, kowa ya san ya wuce, ban da Muntari. Tumbi ya fito, gwiwa ta fara ƙara idan zai tashi daga tabarma, furfura ta cinye kai da gemu. Ita furfurar ya ɗauke ta abokiyar gaba. Duk Alhamis sai ya kulle kansa a banɗaki ya dame ta da baƙin rini, ya fito gashi baƙi wuluk kamar gindin tukunya, yana tambayar matarsa Bara'atu ko ta ga wani canji. Ita kuwa takan ce ta gani, a jikin tawul ɗinta.

Ana nan sai labari ya iske shi a majalisa cewa Hajiya Aina'u, wata furodusa mai ofis a Nassarawa, za ta fara shiri mai dogon zango, kuma jarumin labarin mawaƙi ne. Muntari bai jira an ƙarasa ba shi labarin ba. Ya shiga gida ya zaro fararen kayan nan daga ƙasan akwati, Bara'atu ta taya shi jan zif yana riƙe numfashi, ya ƙwama baƙin gilashi ya nufi ofishin.

Hajiya Aina'u ta karɓe shi da mutunci, har da miƙewa tsaye, ta ce tana yarinya a gidansu kaset ɗinsa ake sawa. Wannan ya yi masa daɗi. Abin da bai yi masa daɗi ba shi ne Baba Muntari da take ta kiransa, kowane Baba yana sukarsa a ƙirji. Ta yi masa bayani cikin ladabi cewa jarumin saurayi ne, kuma tana da wani yaro Mubarak a zuciyarta, amma akwai wani matsayi a labarin da ya yi daidai da shekarunsa. Muntari ya ɗaga hannu ya tsayar da ita, ya ce ba ya son jin ko sunan matsayin. Ya ce shi jarumi aka san shi, kuma yau ɗin nan idan ya tsaya a bakin titi ya buɗe baki, sai an kira 'yan sanda sun raba cunkoso.

"To, Baba, ku nuna mini," in ji ta. "Ranar Asabar nake rufe maganar 'yan wasa. Idan kafin nan na ga jama'a sun taru dominku, jarumi naku ne."

Ita ta faɗa ne don ya tashi ya ba ta wuri. Shi kuwa kafin magariba duk Panshekara ta ji cewa an ba shi jarumi, an ma roƙe shi ne har da hawaye. Mai shayi ya ƙara masa madara kyauta, liman ya yi masa fatan alheri da ɗan jan kunne, 'yan majalisa suka fara rabon wanda zai fito a matsayin direbansa. Sai da ya kwanta ya tuna cewa rabon da mutum goma su taru don shi, tun ranar da babur ya buge shi a Sabon Titi.

Washegari ya nemi Ya'u, tsohon makaɗin fiyanonsa, wanda yanzu adaidaita sahu yake ja. Ya zaunar da shi ya shimfiɗa masa dabara. Ai Kano cike take da kamfanoni, kuma kowane kamfani da rana jiniya take kaɗawa, 'yan aikin safe su fito tuli guda, 'yan aikin yamma su shiga. Abin da za a yi kawai shi ne a samo a-kori-kura a ajiye a bakin ƙofa, a ɗora sifika da ƙaramin janareta, shi ya hau ya tsaya. Jiniya na kaɗawa a saki "Zulaiha Tsaya Mini", shi yana motsa baki yana bin waƙar kamar yadda ake yi a fim, Ya'u kuma ya ɗauka da waya. Duk wanda ya ga hoton zai rantse jama'ar nan wajensa suka yo.

Ya'u ya sosa ƙeya ya ce, "Kwalisa, ai mutanen nan gida za su, ba wajenka ba."

"Wayar ta san haka?"

Ya'u ya yi tunani ya ga lallai wayar ba ta sani ba, ya amince.

Da Bompai suka fara, a ƙofar wani kamfanin alewa. Mai a-kori-kurar, wani mai suna Uba, ya gyara tsayuwa, Muntari ya hau da taimakon mutum biyu. Jiniya ta kaɗa, waƙa ta tashi, ya buɗe hannuwa yana jiran ambaliya. Sai aka buɗe wata 'yar ƙaramar ƙofa a jikin babbar, mutum ɗaya ya fito. Ashe a kamfanin alewa ba a fita haka nan, sai masu gadi sun laluba aljihun kowa, sun leƙa hula, sun girgiza kwanon abinci. Haka aka riƙa sako su ɗaya bayan ɗaya kamar famfo mai ɗiga. Kowa ya fito sai ya ɗaga kai ya dubi dattijo cikin fararen kaya yana murguɗa ƙugu a bayan mota, ya yi gaba abinsa. Waƙar ta ƙare aka sake sa ta, ta ƙare aka sake. Can wani bawan Allah ya tsaya, ya matso a hankali, zuciyar Muntari ta yi fari. Mutumin ya ɗan rage murya ya tambaya ko akwai na basir, don ya ga mota da sifika ya ɗauka masu tallar magani ne. Kafin Muntari ya samo amsar da ta dace da shi, wata tirela ta danno hon tana son shiga kamfanin, aka kore su kamar kaji.

Da yamma aka kalli hoton a majalisa. Babu kowa a ciki sai Muntari, da mai neman maganin basir, da wata akuya da ta tsaya ta saurara da gaske. Muntari ya ce ai gwajin kyamara ne, kuma mutanen Bompai dama ba su da kunnen waƙa, ƙarar inji ta kashe musu shi. Bara'atu ta ce ita dai akuyar ta burge ta, a nemi adireshinta.

Kashegari sai Sharada. Wannan karon Muntari ya yi nazari: ya zaɓi kamfanin robobi, inda ya ce ba za a tsaya laluben kowa ba tunda ba a cusa bokiti a aljihu. Kuma ya yi gaskiya. Jiniya na kaɗawa aka wangale ƙofa gaba ɗaya, mutane suka ɓarke a guje, maza da mata, kuma wallahi wajensa suka nufo. Ya dafe ƙirji da hannu ɗaya, ya miƙa ɗayan sama, idonsa har ya kawo ruwa, yana cewa a ransa ashe Kano ba ta manta ba.

Na farkon da ya iso bai ko dube shi ba, ya kama ƙarfe ya haye motar. Na biyu ya biyo, na uku ya taka masa farin takalmi. Kafin ya ankara bayan a-kori-kura ya cika maƙil, wata mata ta zauna a kan sifika, wani ya rataya ledar garinsa a hannun da Muntari ya miƙa sama. Mutanen sun ga mota a inda motar haya take tsayawa kullum, sun kuwa san wanda ya yi jinkiri a ƙasa zai taka. Shi kuma Uba, da ya ji mota ta yi nauyi aka buga jikinta sau biyu, hannunsa da kansa ya murɗa makulli, don aikin da ya saba ke nan shekara da shekaru. Muntari yana ihun a tsaya, ana ce masa Baba ya yi haƙuri ya matsa ciki. Haka aka tafi da shi a matse tsakanin wani mai warin narkakkiyar roba da wani mai atishawa, waƙar Zulaiha tana fita daga ƙarƙashin matar nan a daƙushe, har Panshekara, har gaban majalisarsu, inda aka sauke kowa.

'Yan majalisa suka miƙe tsaye suna kallo. Muntari ya sauko, ya kakkaɓe kwat, ya gyara gilashin da ya karkace, ya ce musu abin da yake gudu ke nan tun farko: masoya sun sace shi. Ya'u ya iso daga baya da waya, hoton kuwa babu komai sai bayan mota tana nisa, da wani farin hannu a sama riƙe da ledar gari.

Saura Asabar, kuma a daren Juma'a ko tuwo Muntari bai iya ci ba. Tsoro ya kama shi sosai, don ya riga ya cika baki a gaban duk wanda ya san shi, kuma idan jarumin nan ya kuɓuce masa ya san babu wani mai zuwa. Yana cikin juya cokali sai ya buga cinya ya ce ya gano matsalar. Ruwan sama ne babu. Jama'a a cikin ruwa suka san shi, jiƙe sharkaf yana rausaya, shi ya sa da suka gan shi a bushe ba su gane shi ba. Bara'atu ta tuna masa cewa ana tsakiyar bazara. Ya ce da can ma ai ba daga sama yake zuwa ba, tanka ake kirawo.

Ya kuma yanke shawarar cewa wannan karon ba hoto zai kai ba, Hajiya Aina'u da kanta zai gayyato unguwar kamfanoni ta Challawa ta gani da idonta. Ya gayyaci majalisa kaf. Bara'atu ta ce ko ba a gayyace ta ba za ta, don ba ta son a ba ta labari a rage wani abu.

Da hantsin Asabar ya tare wata tanka a hanyar Challawa. Direban, Musbahu, aikinsa kwashe ruwan da wani kamfanin rinin yadi ya gama amfani da shi ya kai inda ake zubarwa, kuma a lokacin tankar cike take. Da ya ji abin da ake so, ya ce zai yi, amma sai ya je ya juye wannan ya wanke tanki ya ɗebo na rijiyar burtsatse, zuwa la'asar ya dawo. Muntari ya ce la'asar jiniya ta riga ta kaɗa.

"Alhaji, ai ruwan da yake ciki..."

"Ruwa ne ko ba ruwa ba ne?"

"Ruwa ne, amma..."

"To amma ɗin ka riƙe abinka. Ni na yi fim a cikin ruwa tun kana cikin tsumman goyo, ba kai za ka koya mini ruwa ba."

Musbahu ya dubi fararen kayan, ya dubi tankarsa, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Aka shirya komai a wani fili da ƙofofin kamfanoni uku suke kallo. An sa duwatsu a tayoyin a-kori-kura, makullin kuma yana aljihun Muntari. Tanka ta tsaya a gefe, Musbahu ya hau samanta riƙe da mesa. 'Yan majalisa suka jeru a inuwar katanga, Bara'atu ta zauna a cikin adaidaitar Ya'u ta gyara mayafi. Motar Hajiya Aina'u ta iso ta tsaya nesa kaɗan, aka sauke gilashi rabi. Muntari ya ja wa Musbahu kunne cewa da ya ɗaga farin hankici a saki ruwa, kuma kada a kashe ko me ya faru, sai waƙa ta ƙare.

Jiniya ta kaɗa, ƙofofi suka buɗe, waƙa ta tashi. Muntari ya lumshe ido irin na masoyan da, ya ɗaga hankici.

Feshin farko gilashinsa ya ɗauke ya yi gaba da shi. Sannan Musbahu ya ɗaga mesa sama, ruwa ya riƙa sauka a kansa yaf-yaf, da ɗumi, da wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, shuɗi shar. Muntari ya ji warin, amma ya ce a ransa Challawa ce, dama haka take. Idonsa a rufe, don a fim ba a buɗe ido a baitin farko. Kwat ta tashi daga fara ta koma shuɗiya, wando ya bi ta. Rinin Alhamis kuwa da ya haɗu da wanda ya fi shi ƙarfi sai ya sallama, ya riƙa gangarowa ta goshi da kumatu layi-layi, furfura ta fito fili ita ma ta sha shuɗi.

Ma'aikatan da suka fito a guje suka ci birki. Masu neman mota suka manta da mota. 'Yan aikin yamma da ya kamata su shiga suka ƙi shiga, masu gadi suka bar ƙofa, masu sayar da abinci suka bar tukwane, direbobin tirela suka hau kan motocinsu don su gani da kyau. Fili ya cika ya batse, wayoyi sun yi sama, ihu da dariya kamar za a tsaga wurin. Muntari yana jin wannan ruri ta cikin ƙarar sifika, daɗi ya kashe shi. Ya ƙara ƙaimi. Ya yi juyin nan nasa na da, ya durƙusa da gwiwa ɗaya yana miƙa hannu ga Zulaihar da babu, gwiwar ta ƙi tashi sai da ya dafa janareta. Ya'u yana ta ɗaga masa hannu yana kiran sunansa, 'yan majalisa sun riƙe ciki, Bara'atu ta cusa fuska a mayafi kafaɗunta suna rawa.

Sai ruwa ya shiga sifika. Ta yi tari sau ɗaya ta mutu.

Wurin ya yi tsit, aka bar Muntari yana ta buɗe baki yana rufewa babu sauti, kamar kifin da aka jefo kan tudu. Wani daga cikin taron ya ce Baba ya ƙarasa da bakinsa mana, sauran suka ɗauka. Muntari kuwa rabonsa da rera waƙar nan da muryarsa tun ranar da aka naɗe ta. Amma jama'a sun nema, kuma jama'a yake nema. Ya cika ƙirji da iska, ya ɗauko baitin daga sama inda yake ɗaukowa yana saurayi. Abin da ya fito ya fi kama da ƙofar langa-langa da ta shekara ba mai. Ya sake gwadawa, ruwan rini ya faɗa masa a maƙogwaro, tari ya sarƙe shi. A nan ne ya buɗe ido, ya ga hannun rigarsa, ya ga tafin hannunsa, ya ga dubban haƙora.

Musbahu dai an ce masa kada ya kashe sai waƙa ta ƙare, kuma shi bai ji ta ƙare ba, don haka ya ci gaba da feshi.

Wata dattijuwa mai aikin ninke yadi, Shifa'u, ta kutso gaba ta ƙura masa ido, sannan ta yi salati ta ce wa na kusa da ita ai wannan Muntari Kwalisa ne, da waƙarsa aka kai ta ɗaki. Ta ɗaga murya ta ce, "Malam Muntari, ashe kana raye? An ce mana ka rasu tun shekarun baya, har addu'a na yi maka." Muntari ya so ya ce mata na gode, tari bai bar shi ba. Ita da wasu sa'o'inta suka ɗauki amshin waƙar suka rera masa har ƙarshe, suna tafi, kuma duk wanda yake wurin ya ji sun fi shi iyawa. Sai a lokacin Musbahu ya kashe ruwa.

Ya'u da Uba suka sauko da shi. Jama'a suka dare masa hanya, ba don girmamawa ba, don kada ya shafa musu. Ya taka yana ɗiga, takalmi yana cakal-cakal, har gaban motar Hajiya Aina'u. Ta toshe hanci da gefen mayafi, idonta ya yi ja don dariyar da ta sha. Duk da haka Muntari ya gyara kwalar kwat, ya nuna filin da hannu.

"Hajiya, kin ce jama'a. Ga jama'a."

"Na gani, Baba. Amma ko tirela ce ta faɗi a nan, haka za su taru."

Ta faɗa masa a hankali, ba da wulaƙanci ba, cewa Mubarak ne jarumi. Muntari ya sauke hannun da yake nuna filin da shi. Abin ya soke shi har cikin rai, don ya san gaskiya ta faɗa, kuma ga majalisa a bayansa kowa ya ji. Ya juya kamar zai tafi, ya yi taku biyu, ya dawo ya sunkuya daidai gilashin, ya rage murya yadda ya zaci babu mai ji.

"Wannan matsayin da kika ce... na wane ne?"

"Kakan jarumi ne. Yana kwance ba lafiya tun daga farkon shiri."

"Yana waƙa?"

"Ba ya waƙa."

"Rawa fa?"

"Baba, ko magana ba ya yi sosai. Tari kawai yake yi."

Muntari ya miƙe tsaye. Ya share shuɗin ruwan da yake ɗiga daga gemunsa, ya juya ya fuskanci 'yan majalisa da Bara'atu da sauran jama'ar da ba su watse ba, ya ɗaga murya yadda na bayan katanga ma zai ji.

"Kun dai ji da kunnenku, ita ta nema. Kuma ku tambayi duk wanda yake wurin nan yau: a faɗin Kano, wa ya kai ni tari?"